Na Ƙirƙiro wa Ƙawata Sarki Mai Hawan Jimina

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe.

Ni 'yar Guci ce, shekarata ta farko a jami'a a Damagaram, sashen tarihi. Mushen, wato malamin, da ke koya mana tarihin ƙasar Hausa ba ya ba da takarda ko ɗaya. Magana yake yi kamar rediyo, ya ce, "Abin da ya fita daga bakina shi zan tambaya." Kowa na rubutu har bik na hayaƙi, ni ina can baya ina kwaikwayon tafiyarsa.

Ƙawata, bari in kira ta Hadiza, 'yar Kwaya ce, ɗakinmu ɗaya. Innarta ta kwanta ciwo, Hadiza ta tafi jinyarta. Da za ta hau mota ta riƙe hannuna ta ce, "Ke, don girman Allah ki rubuta mini, ban da wasan nan naki." Na ce, "Haba Hadiza, ko tari ya yi sai na rubuta miki."

Ban rubuta ko bismillah ba.

Da na ji tana hanyar dawowa, na zauna na cika shafuka da abin da kunnena ya tsinta, na haɗa da tatsuniyoyin kakata, sauran na ƙara gishiri. Har da wani sarki da na ce ya je yaƙi a kan jimina. Wallahi na ɗauka za ta yi dariya ta gane. Ta karanta ta ce, "Ikon Allah! Mutanen da sun ga abu." Ta haddace tas. Ni kuwa na ari rubutun wata a ɓoye na karanta na gaskiya. Kunya ta hana in ba ta. Wace irin mutum ce ni?

Muka yi jarrabawa, sakamako ya fito, na ci, ta faɗi. Babanta ya ce in ta sake faɗuwa a zagaye na biyu ta tattara ta koma gida, karatu ya ƙare. Na zaci zan yi kuka. Ko ɗigo. Ina cin tuwo, ina wanka, ina zuwa aji, kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Ban ƙara kwaikwayon kowa ba.

Zagaye na biyu ya matso. Yanzu haka tana kan tabarma tana bitar jiminata. Jiya ta ɗago ta ce, "Laifina ne, 'yar uwa, ban haddace da kyau ba. Ke kin yi naki, Allah Ya saka miki."

In na miƙa mata na gaskiya, za ta ga babu jimina a ciki, ta san komai. In na yi shiru, Kwaya za ta koma.

Jama'a, me zan yi?