Baharun da Ba Ya Aunuwa

Daga ɗalibinka Muntaka, a Ikko, zuwa ga Malam Ɗanmusa na Dutse. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da matata Kubura. Yaya damina?

Ni lafiya lau, sai dai ƙafa da ta kumbura da dakon kayan Nasara. Kada a gaya wa Inna.

Allah gafarta Malam, na ga teku. Na tambayi ina ƙetarensa, aka yi mini dariya. Kai ka koya mini auna baiti da baharu, ka ce ma'anarsa teku. To wallahi wannan ba ya aunuwa. Ni da na yi wa duwatsun garinmu waƙa har kana gyaɗa kai, na tsaya gabansa harshena ya ɗaure. Ba abin da ya fito sai "Ya Salamu!"

Gobe za su zuba mu a jirgi, wai yaƙi ake da Jamus. Tsoro nake ji, Malam. Don Allah a sa mu a addu'a. In Kubura ta sauka ban dawo ba, ka rera wa jaririn waƙar duwatsun nan, ya san ni ubansa ina da baki kafin in ga teku.

Wassalam.