Guntun Itacen da Tamsin Ta Ajiye

Asabar, 10 ga Disamba

Wata mace ta zo ƙofa da hantsi, sanye da takalman gona, ta ce sunanta Bryony. Na gane fuskar. Tana cikin mutanen da suka tsaya can baya a coci ranar jana'izar 'yata Tamsin, waɗanda ba su buɗe baki a waƙa ba. Na ɗauka abokan aikinta ne na asibiti.

Ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Farfesa, akwai ajiyarmu a hannun 'yarka. Guntun itace ne, rabinsa ƙonanne. Da shi za mu tayar da wutar bana."

Na ce wace wuta. A tsaye ta yi bayani, domin ban ce ta shigo ba. Suna taruwa a kan tudun bayan gonarta a yinin da ya fi kowanne gajarta a shekara, su ƙona gungume, su yi wa tsohuwar rana rakiya, su roƙi sabuwa ta dawo. Kafin gungumen ya cinye sai a zare ƙarshensa a kashe, mutum ɗaya ya adana, baɗi a kunna sabo da shi. Bara Tamsin aka ba.

Na tambaya ko wasan gargajiya ne.

"Addini ne," in ji ta. "Arna muke, mu da kanmu haka muke faɗa. Tamsin ce ma ke ja mana addu'a."

Na yi mata godiya, na rufe ƙofa a hankali.

Lahadi, 11 ga Disamba

Na karanta nassi a coci kamar kullum, ban yi tuntuɓe ba. A nan aka yi wa Tamsin baftisma, a maƙabartar bayan cocin na binne ta cikin Satumba. Ni na zaɓi waƙoƙin.

Talata, 13 ga Disamba

Itacen yana cikin kwalayen da muka kwaso daga gidan Tamsin. A ƙarƙashin gadonta muka same shi, naɗe cikin koren gyalen da na saya mata ranar da ta zama likita. Itacen tuffa ne, na bishiyar lambunmu da guguwa ta kayar. Ita ta zo ta ɗauki gungumen a mota, ni kuma na taya ta lodi, ban tambaya ba.

Na kai wa matata Hester a kicin, na ajiye a gabanta. Ba ta ko razana ba.

"Tun tana jami'a, Gerald."

Na ce, wato kin sani.

"Wainar zabibin da nake gasawa duk Disamba, ka ɗauka wa ke cinyewa? Ɓeraye?"

Na tambayi dalilin da aka ɓoye mini.

"Ba a ɓoye ba. Ta fara gaya maka wata rana a kan abinci. Tana ambaton juyawar rana ka karɓe zancen, ka yi mana lacca kan karkatar duniya har miya ta huce."

Na tuna laccar. Babu kuskure a cikinta.

Juma'a, 16 ga Disamba

Bryony ta bugo waya. Na shaida mata cewa itacen kayan iyali ne. Ta ce babu tilas, za su tayar da wuta ba tare da shi ba. "Sai dai tun kafin Tamsin ta shigo cikinmu wutar ke bin hannu zuwa hannu, ba ta taɓa yankewa ba. Ba mu so a ce a hannunta ta yanke."

Abin da ban gaya mata ba: ƙullin gyalen na Tamsin ne. Irin na ɗinkin tiyata, kuma na bahaguwa. Idan na bayar sai an kwance shi, sannan a ƙona abin da ke ciki. Na koyar da isasshen kimiyya da zan san cewa toka ba ta komawa itace.

Lahadi, 18 ga Disamba

Wa na binne?

Laraba, 21 ga Disamba

Hanya ta daskare, Hester kuma ba ta tuƙi a kan ƙanƙara, saboda haka na kai ta gonar Bryony ita da wainarta. Itacen yana cikin kwat ɗina. Ban yi niyyar komai ba, ban dai so barinsa a gida ba.

Rana na gab da faɗuwa muka hau tudun. Na zaci zan ga baƙin fuskoki. Mutumin farko da ya tare ni Denzil ne, mai kaɗa mana molo a coci, da rawanin ganye a kan sanƙonsa.

Na ce, "Denzil!"

"Kada ka gaya wa Rabaran, Farfesa," in ji shi. "Ko da yake ta sani. Matso kusa mana, ba ma cin dattawan coci, namansu ya yi tauri."

Suka yi da'ira. Aka kira sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, na Tamsin ne na ƙarshe. Sai aka fara wata waƙa, aka kasa, kowa na jiran wani. Wata tsohuwa ta ce, "Ita ke ɗauko mana. Kullum a karkace, da murya kamar ƙofar rumbu." Suka yi dariya, wasu na share ido.

Ban taɓa jin ta rera waƙa ba tun tana ƙarama. A coci leɓe kawai take motsawa, na ɗauka kunya ce.

Bryony ta durƙusa gaban sabon gungumen da busasshiyar ciyawa a hannu. Ba ta dube ni ba. Babu wanda ya dube ni, da gangan.

Na fito da itacen daga kwat ɗina. Ƙullin ya ba ni wahala, yatsuna sun sandare. Hester ta miƙo hannu, na ce ta bari.

Na miƙa wa Bryony itacen, ya kama wuta nan da nan. Hayaƙin ƙanshin lambunmu. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Denzil ya ba ni hankicinsa, ya juya yana kallon teku.

Alhamis, 22 ga Disamba

Da za mu sauko jiya, Bryony ta ɗora mini sabon guntu a hannu, da sauran ɗumi. Na gaya mata a fili cewa ban yi imani da ko ɗaya daga cikin wannan ba.

"Ba imaninka muke nema ba, Farfesa. Wuri busasshe."

Ɗakin ajiyar lambu yana da laima, shi ya sa na sa shi a ƙarƙashin gado.

Na san lokacin fitowar rana, na san dalilinta, na koyar da shi tsawon aikina. Duk da haka da safen nan na tsaya a taga har ta fito.

Na gwada ƙullinta a gyalen, da hannun hagu. Bai yi ba tukuna.