Saura Shekara Ɗaya

Ya ke sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa in an yi yayyafin farko, Kaltume 'yar Malam Maiwada! Sallama gare ki daga Riyad, sallamar mutumin da ya yi laifi kuma ya san ya yi.

Yau kwana goma sha tara ke nan ban ji muryarki ba. Saƙonki na ƙarshe yana nan a wayata, na saurare shi har na haddace inda kika ja numfashi. Ba ki yi faɗa ba, da ma faɗan kika yi! Cewa kawai kika yi, “Zayyanu, ba zan sake tambayarka yaushe za ka dawo ba.” Sau uku ina sabunta iƙamata, takardar zaman ƙasar nan, sau uku ina ce miki saura shekara ɗaya a ɗaura mana aure. Ga ta huɗu ta zo, kamfanin da nake wa aiki ya aiko in je in sa hannu. Wace mace ce za ta yi ta jiran mutumin da shekararsa ɗaya ba ta ƙarewa? Tsoro nake ji, Kaltume, tsoron kada in zama na riga na rasa ki ban sani ba.

Kin sha yi mini dariya a kan aikina, kuma kina da gaskiya. Ɗan lambu, jikan 'yan lambu, ya bar albasa da tumatir a Kadawa, ya ƙetaro teku yana ba ciyawar filin ƙwallo ruwa, ciyawar da ko akuya ba a bari ta sunsuna! Amma da za ki gan ta da sassafe, da kin rage dariyar. Bayan sallar asuba motar kamfani ke ɗebe mu daga unguwarmu Manfuha, mu bi ta gefen Dir'iyya inda ƙarafan gini suke tsaye cirko-cirko, mu isa fili gari bai gama wayewa ba. In na murɗa famfo, ruwa ya tashi sama ta ko'ina, rana ta ɓullo ta ratsa shi, sai bakan gizo ya kwanta daga wannan raga zuwa waccan, tattabaru su sauko suna yawo kamar gidan ubansu. A cikin wannan feshin nake ganinki, ya furen zuciyata. Sai in ga kin taho daga can ƙarshen fili da mayafinki ruwan goro, kina ɗage bakin zane, kamar ranar da kika kawo wa yayanki Maulud abinci lambu. Kin tuna? Na gan ki kina tafe a kan kunya, na buɗe bakin ruwa da gangan, ya malalo ya jiƙa miki ƙafa. Kika tsaya da kwano a ka, kika harare ni, hararar da ta fi mini murmushin duk matan duniya. Kika ce za ki gaya wa Maulud. Har yau ba ki gaya masa ba.

Bari in ba ki labarin wani mutum, domin shi ne dalilin wannan takarda.

Sunansa Anselmo, ɗan Sifaniya ne, ɗan wasan tsakiya, mai lamba shida a ƙungiyar da nake kula da filinta. Shekararsa talatin da shida, furfura ta fara masa a gemu, gwiwarsa ta hagu duk zanen ɗinki. Sauran 'yan wasa ba su san da mu ba, sukan wuce mu kamar turakun fitila. Shi kuwa tun makonsa na farko yake zuwa da wuri, ya tuɓe takalmi, ya taka ciyawa da tafin ƙafarsa, ya rufe ido yana tafiya a hankali. In ya ji ta bushe sai ya ɗaga mini hannu, “Moya ziyada, sadiƙ!” wato in ƙara ruwa, aboki. A ƙasarsu haka suke son fili, ciyawa gajera kuma a jiƙe, don ƙwallo ta riƙa sulalewa daga ƙafa zuwa ƙafa. Ni da shi Larabcinmu duk na kasuwa ne, gurgu ya haɗu da gurgu, amma a shekara biyu mun fahimci juna sarai.

A hankali na tattara tarihinsa. Ɗan masunci ne daga wani ƙaramin gari a bakin teku. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka ɗauke shi makarantar ƙwallo, ya yi kukan kewar gida wata uku. Ya daɗe a ƙananan ƙungiyoyi, sannan Allah ya ɗaga shi ya buga shekara biyu a babbar gasar ƙasarsu, dubban mutane suna kiran sunansa da baki ɗaya. Sai gwiwa ta tsinke. Da ya warke gurbinsa ya zama na wani, ya shiga duniya: ƙasa biyar, ƙungiya tara, ko'ina da jakarsa ɗaya, har ruwa ya kawo shi nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya buga wasansa na ƙarshe. Na shayar masa da filin nan kamar ina shayar da gonar ubana. Saura minti ashirin koci ya cire shi, 'yan kallo suka ɗan tafa, ya zauna a benci, aka ci gaba da wasa. Shi ke nan fa, Kaltume! Shekara ashirin da huɗu na gudu da zufa da wuƙar likita, tafi kaɗan, an wuce wurin.

Washegari da hantsi ya zo yi mini sallama. Muka zauna a ƙasa, ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wata mata tsaye a ƙofar shagon burodi. Maite sunanta, tare suka tashi. Ya ce lokacin da zai bar ƙasarsu ya ce mata ta ba shi shekara ɗaya. Ya riƙa naɗe yatsu yana cewa, “Sana wahda, sana wahda,” wato shekara ɗaya, shekara ɗaya, har yatsun hannu ɗaya suka ƙare ya shiga na biyu. Na tambaye shi ko faɗa suka yi. Ya girgiza kai. Ya ce ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, wata rana ce kawai ta daina tambayarsa yaushe zai dawo, shi kuma har daɗi ya ji, ya zaci ta fahimce shi. Mahaifiyarsa ce ta gaya masa labarin aurenta a waya, yana ɗakin sauya kaya, ranar da suka ci wasa. 'Ya'yanta biyu yanzu.

Wallahi Kaltume, kamar labarina yake bayarwa. Na ce masa ni ma akwai wadda ta daina tambayata. Ya dube ni, sannan ya nuna famfon da haɓa. “In ka tafi za su kawo wani ya murɗa wannan, sadiƙ. Ni ma gobe wani zai sa lamba shida.”

To bari in faɗa miki gaskiyar da na ɓoye har wa kaina. Ba dole ce ta riƙe ni a nan ba. Daɗin yabo ne. Ina son in ji ana cewa filin Zayyanu ya fi kowane kyau, ina son ganinsa a talabijin shar da shi, in ce a raina ni ne na yi. Na ɗauka ke kina nan daram kamar kukar bakin garinmu, duk ranar da na waiwaya zan same ki. Kaicona! Ina hankalina ya tafi? Ke da kike tashi kullum ki je ki koyar da 'ya'yan mutane karatu, kina dawowa kina amsa tambayar 'yan unguwa da murmushi, ni kuwa ina nan ina auna tsawon ciyawa!

Ranar Lahadi na je ofis. Suka miƙo mini takardar sabuntawa, na ce ba ita nake so ba, huruj nake so, fita ta ƙarshe. Ma'aikacin ofishin ya cire tabarau ya tambaye ni sau uku, ya ce in na fita aikin nan ya tafi ke nan, ba a ajiye wa kowa. Na ce na ji. Ya ce, “Halas?” wato shi ke nan? Na ce halas. Na sa hannu. Ran goma ga watan gobe jirgina zai sauka Kano, in Allah ya yarda.

Ban shawarce ki ba kafin in sa hannu, kuma da gangan na yi. Da na tambaye ki kika yi shiru, na san halina, da na mai da shirun nan dalilin ƙara wata shekarar. Don haka ga ni nan tafe, ban san ko akwai mai jirana ba. In har zuciyarki ta riga ta rufe, ba ki yi laifi ba, ni na yi sakaci, kuma ba zan tsaya miki a hanya ba. Amma in da saura ko ƙanƙanin wuri, ya hasken safiyata, ya zumar da ban san darajarta ba sai da na ga ana shirin ɗauke kwanon, to ki taimake ni da abu ɗaya. Ki kira ni. Kada ki ce kin yafe, ban kai nan ba tukuna. Ki sake tambayata kawai yaushe zan dawo, domin karon farko a shekara huɗu ina da amsa.

Ko kin kira ko ba ki kira ba, naki ne ni, a sama cikin jirgi da ƙasa a ƙofar gidanku, har ranar da za a mai da ni ƙasa.

Mai ƙaunarki da bai da wata bayanki,
Zayyanu
Manfuha, Riyad