Farar Ƙasa a Kabarin Mwinyi

Tanga, watan Safar.

Zuwa ga matata Mwanaisha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Mama. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau, sai kewa.

Shekara ta huɗu ke nan ina gadin kufan nan. Masallaci ba rufi, kaburbura, kukoki, sai ni. Waɗanda suka gina garin nan har Indiya suka je a jiragen ruwa, ni kuwa Lindi, inda kuke, ta gagare ni. Ba mai leƙo ni sai Bibi Mwantumu, wata tsohuwa daga ƙauyen masunta. Takan zo ta share kabarin Mwinyi Hatibu, mai dogon ginshiƙin nan, wai kakanta ne da ya kafa garin. Ta kawo mini rogo da kwakwa, ta ce na rame kamar busasshen kifi.

Ga albishir. Shugabanmu a hukumar kula da kayan tarihi, Bwana Lyimo, zai zo duba wuri bayan Mauludi. Ya ce in ya tarar da komai yadda aka damƙa mini, zai sa hannu a mayar da ni Kilwa, kusa da ku. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Shomari.

Tanga, ƙarshen watan Mauludi.

Mwanaisha,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki zauna kafin ki karanta.

Ɗan Bibi ya ɓata a teku, Allah ya dawo da shi da rai. Ashe ta yi bakancen in ya dawo za ta gyara kabarin Mwinyi. Ranar Juma'a na tafi masallacin ƙauye, ita da jikokinta suka shafe kabarin da farar ƙasa, yadda muke yi wa na iyayenmu gabanin Mauludi. Har rubutun da aka sassaƙa, har tsofaffin kwanukan tangaran da aka manna a jikin ginshiƙin, duk sun binne. Na dawo na tarar da ita tana washe baki. "Ɗana, ka ga kakanka ya yi wanka? Ku 'yan gwamnati kun bar shi cikin dauɗa!"

Da Lyimo ya gani, sai ya ce, "Shomari, rubutun shekara ɗari biyar fa." Kusan hawaye ya yi. Ba mugu ba ne, yana son duwatsun nan fiye da yadda nake son su. Ya ce in faɗi wanda ya yi, a kai shi kotu, a hana shi shigowa har abada, ni kuma in tafi Kilwa.

Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya san ƙarya nake. Ya ce mai gadin da bai sani ba, ba inda za shi.

Yanzu kullum ina kan tsani da ruwa da ɗan buroshi, ina wanke harafi bayan harafi. Bibi tana zaune a ƙasa tana ce mini marar albarka, wai ina tuɓe wa kakanta riga. Ba ta san abin da na biya ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Ba na zuwa, Mwanaisha. In kin yi fushi, kina da gaskiya. Lyimo yana da gaskiya, tsohuwar ma tana da tata. Kowa ya koma gidansa da gaskiyarsa, ban da ni.

Ki gaishe da Mama, ki shafa mini kan yara.

Naki har kullum,
Shomari.