Muryar Falalu a Cikin Faifai

Maamobi, Afrilu 1998

Yaya Seidu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya sanyin Hambog? Mun yi sadakar arba'in ɗin ƙanenka, maigidana Falalu, jama'a sun zo har daga unguwar Madina ta nan bayan gari.

Jamiu, wanda suke koyar da kwamfuta tare a Adabraka, ya kawo mini faifan ajiya na cikin injinsu. Ya ce ran da turoturo, motar hayar nan, ya kife da Falalu, da safe yana gwada sabon makirfo, yana yi wa 'yarmu Awabu waƙa, sai aka ɗauke wuta. Jamiu ya duba bai ga komai ba. Yaya, ba mu da muryarsa ko a kaset ɗaya, Awabu kuwa shekararta uku. Kai kuwa harkar kwamfuta aikinka ne. Na ba Alhaji Zuberu da zai zo Hambog ya kawo maka faifan.

Ƙanwarka,
Zelia

Hambog, Yuni 1998

Maman Awabu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mana haƙuri. Faifai ya iso. Sai da na yi mako ban iya buɗe ƙunshin ba.

Ba zan ɓoye miki ba. Irin wannan injin ƙofa biyu gare shi zuwa faifai. Ɗaya muna ce mata bulok: abin da aka ba ta sai inji ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa, ya taru, sannan ya rubuta, don aiki ya yi sauri. Ɗayar muna ce mata ɗanya, ba ta ajiye komai, kai tsaye take kaiwa. Muryar Falalu ta bulok ta bi. Da wuta ta tafi, abin da ke riƙe ya tafi da ita, har da sunan da za a nemi sautin da shi. Shi ya sa Jamiu bai gani ba.

Sai na bi ta ɗanyar ƙofar, na karance faifan tun daga farko har ƙarshe, ina sauraron shirme ko zan dace. Na samu, amma kaɗan ne. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Awabu, kina ji na?" Ya yi dariyar nan tasa. Waƙar ba ta iso ba. Na sake bi, na sake, babu.

Ga kaset. Ki yafe mini, iyakar iyawata ke nan.

Yayanki,
Seidu

Maamobi, Yuli 1998

Yaya,

Salam. Allah ya saka da alheri, babu abin yafewa.

Na sa wa Awabu kaset ɗin jiya bayan la'asar. Ta saki ƙwallon kenkenta, tuwon masarar da take ci, ta manna kunne a rediyo ta ce, "E, Baba, ina ji." Ta tsaya tana jira ya ci gaba. Da shirun ya yi yawa ta juyo ta ce mini, "Mma, yi shiru, zai yi magana."

Ban kashe ba har kaset ya ƙare.

A gaida mutan gida.

Zelia