Amfilifaya Uku da Sifikar Marigayi Delmar

Anti Berdine, ki taimake ni. Ina cikin wani hali da ba zan iya kai wa fasto ba, ba zan iya kai wa matata ba, kuma Asabar mai zuwa ce iyakata. Na san filinki na masu tambaya kan kayan kiɗa ne, to da kayan kiɗan zan fara. Sunayen mutane na canza su, amma wanda ya sani ya sani.

Ni ɗan kasuwa ne. Shekara talatin da huɗu ina da rumfa a kasuwar gwanjo ta Jackson, ina sayar da duk abin da mutane suka gaji da shi: agogo, fitila, faifan garmaho, takalman kaboyi da suka fi masu su daɗewa. Na yi shekara biyu a kwaleji kafin na gane bakina ya fi alƙalamina kawo abinci. Ban taɓa sayen kaya a farashin farko ba. Ranar Lahadi ina kaɗa jita a cocinmu, in kuma ana taron suyar kifi a unguwa ni ake kira in yi kiɗa.

Wata biyu da suka wuce amfilifayata, akwatin da ke ƙara wa jitata sauti, ta mutu a coci ana tsakiyar waƙar baiko, ta fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi. Mai gyara ya ce taransifoma ce, kuɗin gyaran ya fi kuɗinta. Sai na shiga nema. Kin san irinmu, ba ma son komai sai irin ta da mai kwalaben lantarki a ciki, wadda za ka kunna ka jira kwalaben su yi ja kamar garwashi kafin ta buɗe baki.

Uku na tsayar. Ta farko wani mutumin Nashville ne ya haɗa ta da hannunsa, dala dubu biyu da ɗari biyu. Sautinta tas, kowace tsirkiya tana fita daban, sai dai akwai wani jin kai a cikinta, irin na mai wa'azin da ya san yana da murya. Ta biyu 'yar masana'anta ce, dala ɗari bakwai da garantin shekara biyu. In ka ƙure ta takan yi ɗan tsiwa a siririn sauti, amma wa zai ƙure ta a coci mai kujera tamanin? Ta uku ita ce damuwata. Ta Delmar Pruitt ce.

Delmar abokina ne tun muna firamare. Ya rasu a watan Maris, Allah ya jiƙansa. Duk faɗin gundumarmu babu mai taɓa jita kamarsa, kuma amfilifayar nan mahaifinsa ne ya saye ta sabuwa a 1964. Abin taƙamarsa a duniya shi ne sukudireba bai taɓa shiga bayanta ba, in ban da canjin kwalba. Yana faɗa a wurin biki, yana faɗa a wurin makoki. Ni kuma Dillali yake kirana, wai kunnena bai san kowane sauti ba sai na buɗe akwatin kuɗi. Matarsa Odessa za ta koma wurin 'yarta a Memphis, ta sa wa amfilifayar dala dubu uku da ɗari biyar, saboda mijinta ya ce komai na cikinta na asali ne. Wani mai tara tsofaffin kayan kiɗa zai taso daga Dallas ranar Asabar. Na san irinsu. Da tocila da ɗan madubi suke zuwa, suna karanta lambobin da ke jikin kowane ƙarfe.

Akwai yadda ni da Delmar muke gwada amfilifaya tun muna samari. Jita ɗaya, waya ɗaya, ɗaki ɗaya. A bar su su ɗumama minti ashirin, a daidaita ƙarfinsu, mai kaɗawa ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, wani ya riƙa canza wayar ba tare da ya faɗa ba. Delmar yakan ce ido ɓarawon kunne ne. Haka na yi makon jiya da la'asar a ɗakinsa. Mai shagon da ke sayar da 'yar masana'antar ya ba ni aronta, mutumin Nashville ya kawo tasa da kansa, Odessa ta riƙe waya. Zagaye bakwai muka yi. Sau huɗu na zaɓi 'yar ɗari bakwai, sau biyu ta Nashville, ta Delmar sau ɗaya tak. Mutumin Nashville ya naɗe kayansa yana cewa bango ne bai dace ba.

Da ya tafi, Odessa ta shiga kicin, na juyo da kujerata na zauna gaba da gaba da ta Delmar. An riga an kashe ta, na sake kunnawa. Maɓallanta na nan inda ya bar su, a kan ɗigon jan farcen Odessa da ya sa alama da shi. Kwalaben suna fara ja, kafin in taɓa tsirkiya ko ɗaya, sai na ji gyaran murya daga cikin akwatin. Sau biyu, gajere da dogo, daidai yadda yake yi kafin ya fara waƙa. Ƙarar wanke-wanke ta tsaya a kicin. Ba ta fito ba, ni ma ban kira ta ba. Tun ranar nake jin gyaran muryar nan, a mota, a rumfa, har ana cikin ciniki sai in juya in ga babu kowa. Wata mata ta sayi fitila a hannuna rabin kuɗi ban ko yi gardama ba.

To ga abin da na ɓoye. A 1996 an yi wa Delmar aiki a baya, ya bar min ajiyar amfilifayar mako shida. Na buɗe bayanta, na cire sifikarsa, na sa wata da na ciro daga wani tsohon akwatin garmaho da na saya dala ashirin da biyar. Na shafa wa kusoshin ƙura don kada su nuna. Tasa kuma na sa a tawa. Na ce wa kaina bayan Ista zan mayar, sautin kawai nake so in ɗanɗana. Da ya fito asibiti ya jona jitarsa, ya rufe ido, ya kaɗa, ya ce babu kamarta a duniya. Ni kuwa shekara ashirin da takwas ina kaɗawa ta sifikarsa ban taɓa yin sautinsa ba ko na rana ɗaya. Wutar da ta ci tawa ba ta taɓa sifikar ba. Tana garejina, naɗe cikin bargo. Na daina shiga garejin, matata ta ɗauka ɓera nake tsoro.

In mutumin Dallas ya haska tocilarsa zai ga lambar sifikar ba ta 1964 ba ce, zai faɗa wa Odessa a fuskarta cewa mijinta maƙaryaci ne. Na yi tunanin in sayi amfilifayar kafin Asabar a rufe maganar, sai ɗan kasuwar da ke cikina ya ce kaya ne da kunnena ya ƙi sau shida cikin bakwai. Na yi tunanin in ce mata zan goge mata ita, in mayar da sifikar a ɓoye. Na yi tunanin in yi shiru in tafi kamun kifi ranar. Anti, wacce zan saya?

Dillalin da ya daina shiga gareji

Ɗan'uwana Dillali,

Na aiko maka da wannan amsa tun Talata, kafin ta fito a jarida, don lokacinka ya ƙure.

Tambayar da ka yi tana da sauƙi. Sayi 'yar ɗari bakwai. Kai ka tsara gwajin, kunnenka ya yi zaɓe sau huɗu, ga garanti, ga coci ƙarami. Ta Nashville kaya ce mai kyau, amma ta mai shiga ɗakin naɗar waƙa ce. Kada ka sayi ta Delmar. Ba sauti kake nema a wurinta ba, shiru kake so ka saya, kuma za ka kai ta gida ka ajiye kusa da bargon nan, ka rasa gareji ka rasa falo.

Ba zan rataye ka ba. Na yi shekara arba'in ina gyaran waɗannan akwatuna, na ga sifiku da yawa sun yi ƙaura tsakanin abokai. Ba ka sayar da ita ba, ba ka yar ba, wannan yana gefenka. A ɗaya gefen kuma amana aka ba ka, mai ita yana kwance a asibiti, kuma yanzu wadda za ta sha kunyar ba ta san komai ba.

Mayarwa a ɓoye ka cire shi daga ranka. Sabuwar dalmar liƙe waya tana ƙyalli, kusoshin da aka taɓa jiya suna nunawa, mutumin Dallas zai gani cikin minti biyu, sai zargin ya tashi daga kan Delmar ya koma kan Odessa. Ban da haka, zai zama karo na biyu da ka buɗe akwatin nan ba da izini ba.

Ka ɗauki sifikar da bargonta ka kai mata kafin Alhamis, ka faɗa mata yadda ka faɗa min, ba tare da adon kasuwa ba. A kira mai gyara ya mayar da ita a gabanta, ya rubuta takarda da kwanan wata, a nuna wa mai saye. Sifikar asali da ta dawo gidanta ba ta rage daraja sosai. In ya rage wani abu, kai za ka cika, kuma a farashin farko. Sifikar dala ashirin da biyar ɗin ma ba taka ba ce. Ta cikinta Odessa ta saurari mijinta shekara ashirin da takwas, wataƙila ita za ta fi so ta tafi da ita Memphis. Tana iya rufe maka ƙofa. Ka ba ta lokaci, kada ka yi ciniki da fushinta.

Gyaran muryar kuwa, tsohuwar amfilifaya takan yi hakan in datti ya taru a mazaunin kwalabe, suna ɗumama sai su yi ƙara. Mai gyaran zai wanke shi, ya kuma duba wayar wutarta, don na wancan zamani suna jan mutum. Wannan shi ne bayanin da sana'ata ta ba ni. Dalilin da ya sa kake jin sa a mota da rumfa, kai ka fi ni sani.

Abu ɗaya na tsaya a kai a wasiƙarka. Mutum mai kunne irin na Delmar ya jona jitarsa ya rufe ido. Ko dai bai ji bambanci ba, wato sautin da ka yi kwaɗayi a yatsunsa yake, ya tafi da abinsa. Ko kuma ya ji tun a bugun farko, ya auna sifika ya auna aboki, ya ci gaba da kiran ka Dillali. Ban san wanne ba ne. Odessa wataƙila ta sani, kuma ba za ta faɗa maka ba sai ka fara magana.

Allah ya ba ka ƙarfin ɗaukar bargon nan, ya sanyaya zuciyar Odessa, ya sa ranar Lahadi ka kaɗa da sautin kanka.

Anti Berdine