Wai a Jikina Take Zaune

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Mutanen lafiya sun zo rumfata ta abinci a unguwar Albarika, nan Parakou, su uku. Wai mutum huɗu sun kwanta da tifoyid, kuma duk a wurina suke cin wasawasa, dambun doyar nan. Na ce rabin masu zemijan, 'yan acaɓan unguwar nan, a wurina suke ci, a je a tambaye su in sun mutu. Suka ba mu 'yan kwalabe ni da Tambaya, abokiyar aikina, wai mu zuba bayan gidanmu mu kai a yi analiz, a auna. Ni Mubaraka, shekara hamsin da ɗaya. Abin kunya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Tambaya ba ta da komi. Ni ce wai. Likitan ya ce cutar na zaune a jikina, ina rabawa mutane ban sani ba. Ya tambaya ko na taɓa yin tifoyid. Na yi, tun ina goyon Shakira, shekara ashirin da huɗu ke nan, kuma na warke sarai. Ya rubuta ordonans, takardar maganin sati huɗu, ya ce kada in ƙara taɓa abincin kowa sai an sake aunawa.

Ko ciwon kai ba na yi. Na sa takardar ƙarƙashin katifa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Shakira ta zo daga jami'a. Ni na sa ta karatun ƙwayoyin cutar nan, yau ga shi a kaina ake karanta shi. Ta ɗauki biro ta zana wani abu kamar ƙwayar shinkafa mai wutsiyoyi.

Ta ce ƙwayar tana da umarni rubuce a cikinta, jen suke ce musu, kuma ba duka take aiki da su lokaci guda ba, tana kunna wasu ta kashe wasu. A cikin hanji tana fito da wutsiyoyin ta yi iyo. Da ta ratsa cikin tsoka sai ta ji gishirin wurin ya ragu, ta daina yin wutsiya, ta lulluɓe kanta da wata riga mai santsi. "Mama, da wutsiyar ne masu tsaron jiki suka fi saurin gane ta. In ta rufe, sai su wuce ta ba su yi kururuwa ba." Ta ce a wasu mutane takan samu maɗaciya ta zauna, ta yi yauƙi ta manne, shekara da shekaru, tana sauka kaɗan-kaɗan.

Na ce abin da ba shi da kai ba shi da ido, shi ya san lokacin canza riga? Ta ce ba sani ba ne, haka aka gina shi. Na ce to ni ma haka aka gina ni, ina wanke hannu sau nawa a rana, ban da alwala. Ta ce sau ɗaya in aka yi gaggawa ya isa.

Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Talata, 21 ga Oktoba

Na dafa, na sayar, tukunya ta ƙare kafin azahar.

Asabar, 25 ga Oktoba, Djougou

Yau ake bikin sunan jikan Badamasi, ƙanena. Tun rasuwar Baba ba a taɓa yin taro a gidanmu wata ta ɗora miya ba ni ba. Ina shiga madafa Ummuhani, matar Badamasi, ta riƙe ludayin gam. "Yaya, ki huta, yau baƙuwa ce ke." Ashe Shakira ta yi wa kawunta waya. 'Yar cikina! Na tarar da Badamasi a zaure, ya kasa kallona, sai "Yaya, ki yi haƙuri, yara ne da yawa."

Na wuni kan tabarma ina cin miyar da ba ta ji daddawa ba, mata suna satar kallon hannuna.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Inna ce kawai ba ta canza min ba. Da hantsi ta kira ni ɗakinta, ta ce sun faɗa mata, ita ba ta ga cuta a jikina ba. Ta ce ta yi marmarin dege irin nawa. Na rufe ƙofa na murza mata gero da hannuna, na zuba nono mai sanyi. Ta shanye har ta karkace ƙwaryar.

Su je su auna wannan.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Badamasi ya kira. Kwana uku Inna na zazzaɓi, maganin palu, na cizon sauro, bai yi komi ba. Damina ta wuce ta bar sauro, ba wani abu ba ne.

Talata, 11 ga Nuwamba

Sun kawo ta asibiti nan Parakou jiya. Tifoyid ce, ta shiga jini. Ba ta gane ni ba, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu.

A baranda na tambayi Shakira, in daga degen ne, me ya sa ta yi kwana tara lafiya lau? Ban faɗa mata zancen dege ba sai a wannan tambayar. Ta ce rigar nan ce. Ƙwayar na shiga ba hayaniya, har cikin masu tsaron take ɓuya ta hayayyafa, kafin jiki ya farga ya ta da zazzaɓi ta riga ta bazu. Ba ta ce laifina ba ne. Da ta faɗa da na samu abin faɗa da shi.

Ai a Djougou ma akwai ruwa marar kyau. Taro ne, kowa ya kawo abinsa. Wa ya sani.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Zazzaɓin Inna ya sauka. Ta rame, amma bakin na nan, har ta zagi mai allura.

Tambaya ce ke riƙe da rumfa tun Laraba, don ina jinya ne, ba don komi ba. Maganin ma na fara sha don Shakira ta bar ni in sarara. Ta ce ranar Alhamis za a duba maɗaciyar a na'ura, in akwai tsakuwa wataƙila sai an yi aiki. Ban ce zan je ba. Na dai tambayi ƙarfe nawa.

Ɗazu Ummuhani ta kawo kunu. Inna ta ture cokalinta, ta ce Mubaraka ce za ta ba ta, ita ta san yadda take so. Ta miƙo min kwanon da kanta. Na ce wuyan hannuna ke ciwo, Ummuhani ta ba ta.

Ba abin da ke damun hannuna. Na zauna bakin gado ina cewa ta dinga hurawa, da zafi.